Maganin nano ga kankana: A shimfiɗa doka kafin ya iso kasuwa

Ɗaya daga cikin cututtukan da suka fi tayar wa manoman kankana hankali a duniya ba ta zuwa da sallama. Ƙwayar bakteriya ce mai suna Acidovorax citrulli. Tana ɓuya cikin iri, ta jira ɗumi da danshi, sannan ta fito a matsayin tabo a bayan kankana, har ɓawon ya tsage, cikin ya ruɓe. A 1989 ta yi mummunar ɓarna a gonakin Amurka, kuma cinikin iri ya kai ta ƙasashe da dama.

An daɗe ana yaƙarta da feshin sinadarin jan ƙarfe, amma yawan feshi yana tara sinadarin cikin ƙasa, bakteriya kuma kan saba da shi. Shi ya sa masana suka koma ga fasahar nano: a mayar da jan ƙarfe ko tutiya ko azurfa ƙwayoyin da ba su wuce nanomita 100 ba, nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Ƙanƙantarsu ke sa su manne wa ganye su lalata jikin ƙwayar cutar, kaɗan ya yi aikin mai yawa.

Wannan albishir ne ga manoman rani a Jigawa, Kano da Yobe. Sai dai ƙanƙantar da ta ba maganin ƙarfi ita ce abin fargaba. Ɗanyar kankana ake sha, musamman a watan azumi, kuma ruwan fadamar da ake ban-ruwa da shi mutane da dabbobi ke amfani da shi. Ba mu manta da 2015 ba, lokacin da Tarayyar Turai ta haramta shigar da waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari.

Ra'ayin wannan jarida shi ne kada a jira sai kwalaben sun cika kasuwa. Hukumar NAFDAC ta tanadi ƙa'idar rajista ta musamman ga magungunan nano. A ware wa cibiyar NIHORT da ke Ibadan kuɗin gwada su a ƙasarmu da yanayinmu. Uwa-uba, hukumomin NASC da NAQS su tsaurara binciken irin da ake shigowa da shi, domin ta nan cutar ke tafiya.

Ma'aikatan da ke tsara takardun da ministoci ke sa wa hannu, a teburinku wannan aiki zai fara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.