Zaɓen fidda gwani a Amurka: Yadda ake auna ƙarfin jikin mata 'yan takara

A watan Fabrairun 2023, jim kaɗan bayan tsohuwar gwamnar Jihar South Carolina, Nikki Haley, ta bayyana aniyarta ta neman tikitin takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar Republican, wani mai gabatar da shiri a tashar CNN, Don Lemon, ya furta cewa zamaninta ya wuce. A cewarsa, ganiyar mace tana cikin shekaru 20 da 'yan kai da 30 da 'yan kai ne, ko kuma wataƙila 40 da 'yan kai. A lokacin Haley tana da shekara 51. Manyan mazan da take neman ture su kuwa, Donald Trump yana da 76, Shugaba Joe Biden yana da 80.

Lemon ya nemi afuwa, kuma watanni biyu bayan nan tashar ta sallame shi. Sai dai kalaman nasa sun fito da wani abu da ya daɗe yana ɓoye a siyasar Amurka: idan mace ta kai shekarun da ilimi da gogewa suka taru a kanta, a daidai lokacin ne ake fara tambayar ko jikinta zai ɗauki aikin.

Tambayar lafiya tana da muhalli, domin zaɓen fidda gwani a Amurka aiki ne na jiki. Talakawan jam'iyya ne ke kaɗa ƙuri'a jiha bayan jiha, tsawon watanni, kuma yawon neman goyon baya yakan fara shekara guda kafin ƙuri'ar farko. Jihar Iowa kaɗai tana da gundumomi 99, kuma akwai 'yan takarar da ke ɗaukar alwashin taka kowace ɗaya, kamar yadda Sanata Amy Klobuchar ta yi a zagayen 2020. Ɗan takara yakan yi taro uku ko huɗu a yini, ya yi muhawara a tsaye ta awa biyu ko fiye, ya kwana a mota ko jirgi, ya ci abin da ya samu. A Janairun 2024 an yi zaɓen Iowa cikin sanyi mai tsanani da dusar ƙanƙara, har ta kai ga soke wasu tarurruka.

Matsalar ita ce ma'aunin ba ɗaya ba ne. A watan Satumban 2016, lokacin babban zaɓe, Hillary Clinton ta yi tangaɗi yayin barin taron tunawa da harin 11 ga Satumba, daga baya aka bayyana cewa ciwon sanyin haƙarƙari ne ya kama ta. Makonni biyu bayan haka Trump ya tsaya a gaban muhawara ya ce ba ta da juriyar riƙe ƙasa, alhali ya girme ta. A ɗaya ɓangaren, Sanata Bernie Sanders ya gamu da bugun zuciya a Oktoban 2019 yana da shekara 78, ya yi jinya ya koma fagen fama, ya ci gaba da takara har zuwa Afrilun 2020, kuma magoya bayansa sun ɗauki dawowar tasa a matsayin jarumta.

Wannan ne ya sa mata 'yan takara suka koyi nuna ƙarfinsu a fili. Klobuchar ta ƙaddamar da takararta a waje, dusar ƙanƙara na zuba mata a ka. Sanata Elizabeth Warren, wadda ta cika shekara 70 a 2019, ta shahara da hawa dandamali da sassarfa, kuma bayan wani gangami a birnin New York ta tsaya kimanin awa huɗu tana ɗaukar hoto da duk wanda ya shiga layi. Ita kuwa Haley tun kafin kalaman Lemon ta zo da nata salon, inda ta nemi a riƙa yi wa 'yan siyasar da suka haura shekara 75 gwajin ƙwaƙwalwa. Ta outlast duk mazan da suka fito tare da ita in ban da Trump, ta lashe zaɓen birnin Washington da na Jihar Vermont, ta zama mace ta farko da ta ci zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa a jam'iyyarta, sannan ta janye a Maris na 2024. Watanni huɗu bayan haka, Biden ya ajiye takara sakamakon rawar da ya taka a muhawarar watan Yuni. Ashe jikin da ya kamata a sa wa ido tun farko ba nata ba ne.

Ga mai karatu, akwai darasi a nan da ya wuce siyasar Amurka. Abin da Lemon ya yi kuskure a kansa shi ne ɗaukar shekaru a matsayin hukunci. Gaskiya ne jikin mace yana sauyawa tsakanin shekara 45 zuwa 55, lokacin da al'ada ke ɗaukewa. Sinadarin estrojin yana raguwa, ƙashi yana rasa ƙwari, tsoka tana sirancewa, kitse yana komawa ciki, haɗarin hawan jini da ciwon sukari yana ƙaruwa. Amma yawancin wannan ana iya rage masa gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, kamar tafiya da sauri, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Kashi na biyun ne aka fi sakaci da shi, kuma shi ne ya fi muhimmanci ga ƙashi, domin ƙashi yana ƙara ƙwari ne idan an ɗora masa nauyi. Tashi da zama daga kujera sau goma sha biyu, tura bango da hannuwa, ɗaga galan ɗin ruwa, hawa matakala, duk suna cikin lissafi. Marigayiya Ruth Bader Ginsburg, alƙaliyar Kotun Ƙolin Amurka, ta fara irin wannan horo a 1999 bayan jinyar sankarar hanji, tana da shekara 66, kuma ta ci gaba da shi har ta haura 80.

A Najeriya ba jiki ne ke fara tsayar da mace ba. Wakilai ne suka saba zaɓen ɗan takara a dare ɗaya, kuma kuɗi ne ke magana: fam ɗin takarar shugaban ƙasa a APC ya kai Naira miliyan 100 a 2022, sannan Sarah Jibril ƙuri'a ɗaya tak ta samu a zaɓen fidda gwani na PDP a 2011. Duk da haka tunanin Lemon yana nan tare da mu. Ma'aikaciyar da ta kai matakin darakta da 'yar kasuwar da jarinta ya bunƙasa galibi sun haura 45, suna wuni a zaune, kuma da zarar gwiwa ta fara ciwo sai a ce musu girma ne ya zo, su huta. Hutun nan shi ke ƙarasa gwiwar. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ta fara tuntuɓar likita, sauran kuwa tsakar gida da rabin awa bayan asuba sun isa a fara.

Nan gaba kaɗan Amurkawa za su sake shiga yawon fidda gwani na 2028, kuma ba mamaki a sake ganin mata a ciki. Haƙƙin masu zaɓe ne su tambayi lafiyar mai neman mulkinsu, a can da nan. Adalci shi ne a nemi rahoton likita daga kowa, namiji da mace, a kuma yi hukunci da abin da rahoton ya nuna.