Tsoffin Kuɗin Tagulla Na Kudancin Italiya: A Saya Ko A Bari?

Akwai mutane a Turai da Amurka waɗanda ba abin da suke sha'awa kamar tara tsoffin kuɗin da Girkawa suka buga a kudancin Italiya. Su dai Girkawan nan sun ƙetare teku ne tun ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa, suka kafa birane irin su Taranto da Kurotone da Metafonto. Kowane birni da tambarinsa: Metafonto zangarniyar sha'ir, Kurotone kasko mai ƙafa uku. Da azurfa suka fara. Sai a ƙarni na 5 suka soma buga na tagulla saboda cefanen kasuwa, kamar dai anini a wurin kakanninmu.

To, ni a ganina bai kamata a riƙa sayen waɗannan kuɗi ido rufe ba. Kuɗin azurfa ya yi tafiya mai nisa a jakar fatake, amma na tagulla kuɗin talaka ne, galibi bai cika wuce garinsu da ƙauyukan kewaye ba. Saboda haka wurin da aka tsince shi, da zurfin ƙasar, da tukwanen da ke gefensa, su ne ke gaya wa masana lokacin da aka zauna a wurin da irin cinikin da aka yi. In ɓarawo ya bi dare da na'urar gano ƙarfe ya tone shi, wannan labari ya tafi ke nan, sai ɗan koren ƙarfe a akwatin wani attajiri.

Masu tarawa sukan ce ai kuɗin suna da yawa, gidajen tarihi ma sun rasa inda za su sa su. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma ban ga laifin wanda ya gāji nasa ko ya saya daga tsohon tari mai takardu ba. Amma fa 'yan'uwana ɗalibai, mai tono ba zai ɓata barcinsa ba in babu mai saye. Tun 1909 dokar Italiya ta mai da abin tarihin da aka haƙo a ƙasa mallakar gwamnati, a 1969 aka kafa rundunar 'yan sanda ta musamman don tsaronsa, a 2011 kuma Amurka ta sa kuɗin biranen nan cikin kayan da ba a shigo da su sai da shaida. Duk wanda ɗan kasuwa ya miƙa wa kwabon Metafonto, ya fara tambayarsa shekarar da ya bar Italiya, ya kuma nemi ganin takardar.