Ina makomar yaron da ya faɗi BEPC?

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar BEPC ya fito, hukumomi da gidajen rediyo kan dukufa ga yabon waɗanda suka ci. Waɗanda suka faɗi kuwa, babu mai bin sawunsu. Yaro ya kwashe shekara 10 bisa benci, shida a firamare, huɗu a kwaleji, ya fito ba takarda, ba sana'a, noma kuma ya riga ya fita ransa.

Lakwal ɗin da Nijar ta gada daga Faransa an gina ta ne domin samar da ma'aikatan ofis. Tun da matakan tsuke bakin aljihu suka toshe ƙofar ɗaukar aiki, aka kuma karya darajar Sefa a 1994, mai digiri ma zaman jira yake yi, balle wanda ya tsaya a aji huɗu na kwaleji. Dokar ilimi ta 1998 ta tanadi koyar da sana'a, an kuma buɗe cibiyoyin CFM cikin gundumomi. Amma lise irin ta Ɗan Kasawa a Maradi mai BEPC take karɓa, cibiyoyin kuwa da dama ba su da isassun kayan aiki. Ta yaya za a koyi walda a bakin allo?

Ɗan babban ma'aikaci in ya faɗi, makarantar kuɗi na jiransa. Ɗan talaka sai kabu-kabu, ko sayar da fetur a kwalba, ko hanyar Libiya, ko ramin zinariya irin na Jado da ya ja dubban matasa a 2014. A Damagaram, wasu a "pale" suka ƙare.

Masu ɗaukar nauyin waɗannan yara a zahiri su ne masu gareji, teloli, kafintoci da ƴan kasuwa. Su ke koyar da su, su ci da su, ba tare da ko dala ta gwamnati ba. Yaron ya ƙware, amma ba shi da shaidar da zai nuna wurin neman aiki ko kwangila.

Kamfanoni na biyan harajin koyon sana'a, ga kuma asusun FAFPA da aka kafa domin wannan aiki. Wajibi ne kuɗin su isa ga masu koyarwar nan, a kuma jarraba almajiransu a ba su takardar da hukuma ta yarda da ita. Ministan da abin ya shafa ya fito ya faɗi nawa aka tara bara, nawa ya shiga gareji.