Mawaƙa Shida Da Gwamnatin Hitila Ta Raba

Masoya finafinai, a wannan watan filin namu ya leƙa ƙasar Jamus ne, inda a 1997 darakta Joseph Vilsmaier ya fitar da fim mai suna Comedian Harmonists. Labarin ba ƙirƙira ba ne, ya faru da gaske.

A Disambar 1927 wani saurayi ɗan shekara 21, Harry Frommermann, wanda aljihunsa babu ko sisi, ya sa talla a wata jarida ta birnin Balin yana neman masu murya. Robert Biberti, mai katuwar murya kamar daga cikin rijiya, ya amsa kira. Daga baya aka samu Erich Collin da Roman Cycowski da Ari Leschnikoff, ɗan Bulgeriya da ke kai wa mutane abinci a gidan cin abinci yana rera waƙa. Na shidansu Erwin Bootz ne, mai kaɗa fiyano.

To, me ya bambanta su da sauran mawaƙa? In ban da fiyanon nan guda, duk sauran kayan kiɗan a bakinsu suke. Wannan ya yi kukan kakaki, wancan ya yi na sarewa, wani ya riƙe amon ƙasa, har mai sauraro ya rantse akwai makaɗa a bayan labule. A haka suka rera kiɗan Duke Ellington na Amurka. Ga kuma barkwanci: suna da wata waƙa a kan tsiro mai ƙaya da ya faɗo daga bene ya sauka a fuskar maƙwabci! Sai da suka shafe watanni suna atisaye kafin su fara fitowa a Satumbar 1928. Nan da nan suka zama taurari, ana sayen faya-fayansu, ana saka su a finafinai.

Sai Hitila ya hau mulki a 1933. Ashe uku daga cikinsu, Frommermann da Collin da Cycowski, jininsu na Yahudawa ne. A 1934 sun je Amurka wasa, kuma suka komo gida. A 1935 hukuma ta haramta wa ukun nan waƙa a Jamus. Ba don sun zagi kowa ba fa, asalinsu kawai shi ne laifinsu.

Ukun suka gudu zuwa Biyana, suka ɗauki sababbin mawaƙa. Waɗanda suka rage a gida su ma suka cike gurbi. Amma ina! Tsintsiya in ta kwance, shara ta gagara. A 1941 duka ƙungiyoyin biyu suka watse, kuma mutum shidan nan ba su sake tsayawa a dandamali ɗaya ba. Leschnikoff, wanda mata ke rububin jin muryarsa, ya mutu cikin talauci a Sofiya a 1978. Cycowski ne ya fi su tsawon rai. Ya rasu a Amurka a 1998, shekara guda bayan fitowar fim ɗin.

A fim ɗin, Ulrich Noethen ne ya fito a matsayin Frommermann, Ben Becker kuma Biberti. Mai karatu, in ka samu kallonsa, ka kula da fitowar wasansu na bankwana, inda ake gaya wa 'yan kallo cewa daga yau shi ke nan. Masu sa mutane dariya ne, amma a wurin nan sai ka nemi hankici.

Sai wata mai zuwa.