Karta A Hannun Yaro: Caca Ce Ko Darasin Lissafi?

A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke tsarin nan na 2022 wanda ya ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa. Turanci ne zai zama harshen koyarwa. Masana sun yi ta muhawara, amma akwai yaron da aka manta da shi, kuma kowannenmu ya san shi. Yana nan a bayan aji a Dingyadi, ko Bodinga, ko Shagari. In an aike shi kasuwa ba a cutarsa a canji, amma da an miƙa masa takarda sai ya daskare. Gida da makaranta, daƙiƙi ake ce masa.

Ba duka ba, amma wasu daga cikin yaran nan suna fama ne da abin da likitoci ke kira disleksiya, wato wahalar haɗa baƙi da sautinsa. Ba rashin basira ba ne. Tun a 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin hankali, wanda ke yin lissafi lafiya lau amma karatu ya gagare shi. To, me ke kayar da namu a lissafi? Tambayar a rubuce take zuwa, sai ya karanta kafin ya ƙirga. Ga haddar "biyu sau biyu" wadda ba ta zama masa a ka. Yanzu kuma za a ɗora masa Turanci, harshen da rubutunsa dabam, furucinsa dabam, ba kamar Hausa ba.

A nan ne karta ke da amfani, domin babu jimla a jikinta, lamba ce kawai da hoto. Ku dubi Whot da samarinmu ke bugawa a gindin bishiya. Katinta 54 ne, lambobin daga 1 zuwa 14, sai guda biyar masu 20. A ware manyan lambobin, a baza sauran a tabarma, a ce kowa ya nemo biyu da za su cika goma: 2 da 8, 3 da 7, 5 da 5. Yaron zai maimaita wannan sau da yawa a zama guda, ba bulala, ba dariyar 'yan aji. Sai dai Whot ba ta da 6 da 9, lambobin da suka fi rikita yara. Saboda haka gara a yanka kwalin sabulu a rubuta su, a ja layi a ƙarƙashi, a ɗiga ɗigo shida ko tara yadda yaro zai taɓa da yatsa ya ƙirga.

Na san abin da dattawa za su ce: karta caca ce. Tsoronsu gaskiya ne, mu da maƙwabtanmu Musulmi bakinmu ɗaya a kan caca. Amma kuɗin da ake zubawa shi ke mai da wasa caca. A kafa sharaɗi: ba kwabo, ba goro, kuma babba yana zaune. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ta kanti ba, ya yi ta kwali gaba ɗaya.

Kada kuma a ɗauka karta magani ce. Ba za ta koya wa yaro karatu ba, wannan aikin malami ne da aka horar. Jihar Sakkwato ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2015, shirin Mu Karanta kuma ya kawo littattafan Hausa a makarantun jihar. A 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman. Abin da ya rage shi ne malamin aji ɗaya da aji biyu ya iya gane irin wannan yaro da wuri, kuma Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ce ya kamata ta ɗauki wannan aikin. Kafin nan, malaman makarantar Lahadi da zumuntar mata suna iya farawa da kwali da almakashi ranar Asabar da yamma.