Zomon akwati ba ya cika daji

Kowa ya ci zomo ya ci gudu, in ji masu iya magana. To, a wasu ƙasashen Turai an daɗe da samo dabarar rage wahalar. Idan lokacin farauta ya wuce, daji ya yi fayau, sai ƙungiyoyin mafarauta su haɗa kuɗi su sayo zomaye masu rai daga wata ƙasa, su sake su a filayensu domin su hayayyafa kafin baɗi. Italiya da Faransa sun shafe shekaru masu yawa suna wannan ciniki. A tsakiyar hunturu ake kafa dogayen raga a gonakin Hungari da Romaniya da Folan, mutane su jeru su koro zomaye su faɗa ciki, a sa su cikin akwatunan katako, manyan motoci su ɗauka. Har daga Ajantina da Yurugwai an yi jigilarsu ta jirgin sama, alhali zomon Ajantina kansa daga Jamus aka kai kakanninsa a 1888. Mu dai a ganinmu wannan ɗinki ne a kan ruɓaɓɓen yadi, kuma dalilin yana cikin yadda zomo yake haihuwa.

Tun daga wajejen 1960 yawan zomon daji yake raguwa a mafi yawan Turai. Masana sun fi ɗora laifin a kan sauyin noma. An tumɓuke shingayen da ke tsakanin gonaki, an haɗe ƙananan filaye sun zama makeken fage mai shuka iri ɗaya, maganin feshi ya ƙarar da ganyayyakin da zomo yake kiwo, injin yankan ciyawa kuma yana bi ta kan duk abin da ya kwanta a gabansa. Inda abinci da maɓoya suka ƙare, wanda aka kawo daga nesa zai tarar da yunwar da ta kori na gida.

Zomon daji ba ya haƙa rami kamar ɗan uwansa na gida. A sarari yake kwana, cikin ɗan loko a gindin ciyawa, a nan kuma zomanya take haihuwa. A Turai barbara tana farawa tun watan Janairu ko Fabrairu, haihuwa kuma tana ci gaba har zuwa Satumba. Ciki kwana 42 ne ko kusa da haka, kuma zomanya takan haihu sau uku ko huɗu a shekara, kowane karo ɗa ɗaya zuwa huɗu. Tana ma iya ɗaukar sabon ciki kwanaki kaɗan kafin ta sauke na farko, abin da Aristotal ya ambata tun zamanin da, masu bincike a Balin suka tabbatar da shi a 2010. 'Ya'yan suna zuwa duniya da gashinsu, ido buɗe, sai su watsu kowa ya lafe shi kaɗai. Uwar ba ta zama tare da su, don kada ta jawo musu idon mai kama su. Sau ɗaya tak take zuwa a yini, jim kaɗan bayan faɗuwar rana: 'ya'yan su taru a inda aka haife su, ta shayar da su na 'yan mintoci da nono mai yawan kitse, ta tafi. Haka za a yi ta yi har wajen mako huɗu kafin yaye.

Duk wanda ya fahimci wannan tsari ya san cewa kama zomanya ɗaya a lokacin shayarwa kashe gida guda ne. Ba wanda zai ga 'ya'yan, domin ba sa kuka, ba sa motsi. Za su taru da magariba su jira uwar da ke cikin akwati a kan hanyar wata ƙasa. Saboda haka 'yar tazarar da za a iya kama zomo ba tare da wannan ɓarna ba ƙanƙanuwa ce, daga ƙarshen kaka zuwa farkon Janairu. Da an makara kaɗan, zomanya mai ciki ce ake jefawa cikin raga. Na Ajantina kuwa lamarinsu ya fi muni, domin watan Disamba a can tsakiyar zafi ne, kuma tsakiyar lokacin haihuwarsu. Dabbar da ke sanye da gashin bazara, jikinta yana shirin reno, ita ce ake saki cikin sanyin Turai.

Ko an dace da lokaci, akwai sauran rina a kaba. Zomo yana iya gudun da ya kai kilomita 70 a awa, amma abin da yake ceton ransa shi ne sanin gari: ya san kafar da zai bi ta shinge, ya san inda zai karya kwana kare ya wuce. Baƙon zomo bai san ko ɗaya ba. Binciken da aka yi ta hanyar rataya musu na'urar bin sawu ya sha nuna cewa da yawansu suna mutuwa cikin makonnin farko, yanyawa da karnuka da motoci su gama da su, waɗanda aka yi kiwonsu a keji kuwa sun fi saurin halaka. Kuɗin da aka zuba ya zama sadaka ga yanyawa.

Wanda ya rayu ma yana iya zuwa da tsarabar da ba a so. Akwai cutar hanta mai saurin kisa da aka fara ganowa a zomayen Suwidin a 1980, wadda ta bazu a Turai. Akwai kuma tularemiya, wadda take kama mutum idan ya feɗe zomo mai ɗauke da ita. Cunkusa dabbobi a akwatuna da ketare iyakoki da su hanya ce mai sauƙi ga irin waɗannan cututtuka. Italiya ta yi wata asarar daban. Tana da nata zomon na asali, wanda ake samu a tsakiya da kudancin ƙasar da tsibirin Sisili. Shekarun da aka yi ana tuttula baƙon zomo a yankinsa suna cikin abubuwan da suka takura shi, har ya koma tsiraru a wurare warwatse, ga shi kuma maharbi ba ya iya bambanta shi da baƙon idan ya zabura.

Masu goyon bayan abin suna da hujjarsu, kuma ba za mu raina ta ba. Suna cewa inda zomo ya ƙare ƙarƙaf, in ba a kawo iri ba daga ina zai fito? Gaskiya ne. Amma akwai hanyar da ta fi hankali, kuma Italiya kanta ta san ta. Dokar farauta ta 1992 ta tanadi yankunan da ake hana harbi domin dabbobi su hayayyafa, daga nan a kama rarar cikin hunturu a kai filayen da ke kusa, ko kuma a bar su su bazu da ƙafarsu. Zomon yankin ne, ya saba da ƙasar da yanayinta, tafiyar kuma gajera ce. Sikotilan ta bi ta wata ƙofar: dokarta ta 2011 ta haramta kashe zomon fili daga 1 ga Fabrairu zuwa 30 ga Satumba. Ingila ma tun 1892 ta hana sayar da zomo daga Maris zuwa Yuli, ko da yake waccan doka kasuwa ta rufe, ta bar bindiga a buɗe. Duk waɗannan matakai abu guda suke nufi, wato a ba uwa lokacinta.

Mu nan ba mu da jirgin da zai kawo mana zomo daga Ajantina, kuma wataƙila gara haka. Abin da muke da shi shi ne tsohon tsarin farauta na kakanninmu, wanda yake jiran rani bayan an kawar da amfanin gona, da kuma dokokin ƙasashen da muke zaune. A Gana, alal misali, ana rufe farauta kowace shekara daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, ban da gyazbi ga wanda yake da lasisi. Mun san yadda ake yi wa wannan doka riƙon sakainar kashi, kuma mun san cikin masu saye da masu gasawa a zangunanmu akwai namu. Mun san wutar da ake cinna wa daji don a koro nama ba ta tambayar abin da ke kwance a gindin ciyawa, zomon dajinmu kuwa shi ma a sarari yake ajiye 'ya'yansa.

Muna kira ga sarakunan maharba da shugabannin zango su ɗauki watannin rufewa da muhimmanci, su hana cinna wuta, su ware wani yanki na daji da ba a shiga da kare ko bindiga shekara guda ko biyu. Mai sayen nama ya tambayi wata kafin ya tambayi farashi. Turawa sun gwada sayen abin da suka ƙi yi wa haƙuri, sun biya da tsada, mu kuwa har yanzu akwai sauran zomo a dajinmu da za mu iya bari ya haihu.