Mudu Biyu a Kasuwa Ɗaya: Yadda Ake Auna 'Yan Wasan Ches

Yau zancenmu a kan ches ne, wato darar nan mai sarki da dawaki, da yadda ake auna ƙarfin masu buga ta.

Tun 1970 hukumar ches ta duniya, FIDE, take aiki da lissafin wani malamin kimiyya mai suna Arpad Elo. Kowane ɗan wasa yana da makinsa. In ka fi abokin karawarka da maki 200, lissafin yana sa ran ka kwashe kashi 76 cikin 100 na sakamakon wasanninku. In tazarar 400 ce, kashi 92. Shi ya sa kayar da ƙarami ba ya kawo wata riba, amma faɗuwa a hannunsa asara ce babba.

To, ga inda gizo ke saƙar. FIDE tana da doka cewa duk tazarar da ta wuce 400, a 400 za a lissafa ta. Ke nan babban gwani zai samu maki 0.8 a kowace nasara, ko da ya fi wanda ya kayar da maki 1,000. A 2025 Hikaru Nakamura na Amurka, mai maki sama da 2,800, yana neman cika wasanni 40 don samun gurbi a gasar fitar da wanda zai kara da zakaran duniya. Sai ya shiga ƙananan gasanni a Luwiziyana da Ayowa, ya yi ta lallasa na ƙasa yana tara maki. Bai karya doka ba. Amma daga 1 ga Oktoba 2025, FIDE ta cire wannan rangwame ga masu maki 2,650 zuwa sama. Yanzu in tazarar ta haura 735, ko sun ci ba su da komai.

Ni dai a ganina gyaran ya yi daidai. Ɗan damben da ya buge yaro ba a yi masa kirari. Sai dai gyaran rabi ne, don mai maki 2,600 har yau yana iya tsintar 0.8 ɗinsa a kan 'yan koyo. Duk wanda ya tashi a kasuwa ya san in mudu ya zama biyu, amana ta tafi. In lissafin gaskiya ne, a yi wa kowa da shi.

Allah ya sa mu dace, amin.